Tafiyar Ƙasa Zuwa Tafkin Ifni a Duwatsun Atlas

 

Mafi yawan mutanenmu da Allah Ya nufa da zuwa ƙasar Maroko wurare ƙalilan suka sani a cikinta: Fas domin ziyara, Kazabalanka domin saro kaya, sai Rabat ga ɗalibai da masu neman magani. Wanda ya ƙara gaba har Marrakush yakan tsaya a kabarin Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, wanda ya rasu a 1149, ya tsaya a na Shaihu Jazuli mai Dala'ilu, ya zaga kasuwa, ya juyo. Kaɗan ne suke ɗaga kai su dubi kudancin birnin, inda wani dogon bango na duwatsu ya tokare sama, wanda a lokacin sanyi ake hango dusar ƙanƙara fari fat a kansa. Waɗannan su ne duwatsun Atlas, kuma daga jikinsu ruwan da ya raya Marrakush yake gangarowa tun da Murabiɗun suka kafa ta wajen shekara ta 1070.

Mafi tsawo a cikinsu shi ne Tubkal, mai mita 4,167, babu dutsen da ya kai shi a duk arewacin Afirka. A 1942, zamanin mulkin Faransa, aka keɓe shi tare da abin da ke kewaye da shi, kimanin murabba'in kilomita 380, aka mai da wurin gandun ƙasa, shi ne kuwa na farko a Maroko. Kada kalmar gandu ta ruɗi mai karatu ya zaci wani daji ne mai duhuwa irin gandun W na bakin kogin Isa. Can sama dutse ne tsirara da iska. A kudancin Tubkal, cikin wani rami mai zurfi, akwai tafki ɗaya da ake kira Ifni, yana kwance a tsayin kimanin mita 2,300. Ƙololuwar duwatsun Bagzan na Abzin, wadda ita ce mafi tsawo a Nijar, mita 2,022 ce. Ke nan ruwan wannan tafki ya ɗara duk wani wuri da mutum zai iya tsayawa a ƙasarmu bisa. Mota ba ta kai wa bakinsa, sai ƙafa.

Mu huɗu muka nufe shi a watan Yuli na 2024: ƙanenmu da ke karatu a Marrakush, wanda shi ya kawo shawarar, da abokinsa ɗan Agadas, da wani dattijo ɗan kasuwa aminin gidanmu da muka zo ziyara tare, sai mai wannan rubutu. Da muka sanar da na gida ta waya, abin da aka fara tambayarmu shi ne, me aka ajiye muku a can? Tambayar ba ta banza ba ce. A wurinmu tafiya sai da dalili, ko fatauci, ko neman ilmi, ko hajji, ko zumunci, ko cin rani. Wanda ya saɓa jaka ya hau dutse don kawai ya gani, sai a ce ya ɗauki halin Nasara. Amsar da muka bayar ita ce, Alƙur'ani mai girma ya kira mutane a wurare da yawa su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, ya kuma ambaci duwatsu da ruwan da ake ajiyewa a cikin ƙasa a jerin ayoyin Ubangiji. Mun wanke waɗannan ayoyi daga allo tun muna yara, a garin da tudunsa mafi tsawo jaki ke hawansa da kaya bai huta ba, muka so mu ga abin da muka haddace. Mahaifinmu ya yarda bisa sharaɗi: kada a tozarta salla, kada a jefa rai cikin halaka, kada kuma kuɗin tafiyar ya fito daga haƙƙin iyali.

Daga Marrakush zuwa Imlil

Ranar Asabar muka fita da motar haya. Tsakanin Marrakush da Imlil, ƙauyen da masu hawa suke tashi daga gare shi, kimanin kilomita 65 ne, amma rabin hanyar na ƙarshe kwana-kwana ce a gefen kwazazzabo. Muka ratsa Asni ana cin kasuwar mako. A nan ne farin cikinmu ya fara raguwa, domin kuwa wannan yanki shi ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta auka wa, a daren Juma'a wayewar Asabar, bayan ƙarfe 11, da ƙarfin 6.8 a ma'aunin masana, ta kashe kusan mutum 3,000. Wata goma bayan haka mun ga iyalai a cikin tantuna kusa da gidajensu da suka tsage, mun ga magina suna ta aiki. Gidajen laka da dutse, waɗanda suka yi kama da namu, su suka fi danne mutane, saboda abin ya zo da dare ana ciki. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Imlil yana tsayin kimanin mita 1,750, cikin inuwar itatuwan tuffa da na jauzi, wanda ake kira noix da Faransanci, kuma duk inda ka juya ƙarar ruwa kake ji. A nan muka ɗauki jagora, don ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai. An tsananta wannan doka ne bayan Disamba 2018, lokacin da wasu mutane masu fakewa da sunan addini suka kashe ƴan mata biyu matafiya, ɗaya daga Danmak ɗaya daga Norwe, a kan wannan hanya. Wannan yaudara ce ga baƙon da ya shigo da amana, babu littafin fiƙihun da ya halatta ta. Makasan ba ƴan kwarin ba ne, amma mutanen kwarin ne suka sha kunyar, su ne kuma abincinsu ya taɓu. Shi ya sa da jandarmomi suka tsai da mu a gaban ƙauyen Arumd suka rubuta fasfonmu da sunan jagora, ba mu ga abin ƙorafi ba.

Kafin mu kwanta muka yi abu biyu. Muka naɗa dattijonmu shugaban tafiya, kamar yadda sunna ta koyar. Muka kuma lissafa nisan da ke gabanmu domin sanin hukuncin salla. A mazhabar Malikiyya, wadda mu da mutanen Maroko muke kanta, ana yin ƙasaru idan tafiya ta kai mil 48, wajen kilomita 80 a lissafin da aka fi bayarwa, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa ban da dawowa. Da Imlil ne iyakarmu da ba mu kai ba. Amma niyyarmu tun daga Marrakush ita ce mu tsallake dutsen mu sauka a ƙauyen Amsuzart na ɗaya gefen, wannan kuwa ya wuce haddin.

Farin dutse

Da safe muka ɗora kaya a kan alfadari muka kama hawa. Bayan awa biyu da rabi, inuwa ta daɗe da ƙarewa, sai ga wani ɗan ƙauye maƙale a jikin dutse, a tsayi kusan ɗaya da na tafkin da muka nufa, da rumfunan shayi da lemo, a tsakiyarsa wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa. Sunan wurin Sidi Shamharush. Jama'a da yawa sun ɗauka nan ne fadar sarkin aljannu, kuma a nan yake yanke shari'a tsakanin mutum da aljanin da ya shige shi. Daga birane masu nisa ake kawo marasa lafiya a kan alfadarai, a kwana, a yi yanka. Mun tarar da wani tsoho ya kawo ƴarsa budurwa, tana zaune an lulluɓe ta da bargo, ba ta magana da kowa.

Ba mu ɓoye ra'ayinmu ga mai karatu ba: yanka don neman yardar aljani ba ya cikin abin da malamanmu suka karantar da mu, kuma malaman Maroko da kansu sun daɗe suna faɗar haka. Ba mu shiga ba. Sai dai wanda ya fito daga ƙasar da har gobe ake kai mara lafiya gidan bori ba shi da bakin yi wa wani dariya. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne fuskar uban nan. Mutumin da ya hau dutse awa uku yana riƙe da linzamin alfadarin da ƴarsa ke kai, so ne ya kawo shi, kuma da wuya a ce bai gwada wasu ƙofofin ba kafin wannan. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar sauran, yana da likitocinsa, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Da iyalai za su sami wanda zai faɗa musu haka da taushin murya tun da wuri, da kuɗin raguna da yawa sun tafi asibiti. Muka yi masa sallama, muka yi wa yarinyar addu'a, muka sha shayi, muka wuce.

Inda numfashi ya fara gajarta

Daga nan ƙasa ta sake. Babu sauran itace, sai wata ƙaya da ke tsirowa a dunƙule kamar bushiya ta naɗe kanta, da wasu baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki, ƴan uwan hankaka, suna shawagi a kanmu. Jagora ya ce akwai ragon dutse a gandun, irin wanda ake samu a Abzin da Tarmit, amma ba mu yi katarin ganinsa ba. Wajen la'asar muka isa masaukin masu hawa, ginin dutse a tsayin mita 3,200, bayan mun hau kusan mita 1,450 a yini ɗaya.

A nan jarrabawar farko ta same mu. Dattijonmu, wanda ya fi mu duka saba wa wahalar hanya, wanda ya sha ratsa Sahara a bayan babbar mota, ya kama ciwon kai mai tsanani, ya kasa cin abinci, da dare ya yi amai. Wannan ciwo sananne ne ga masu hawa. Gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda iska ke yin sako-sako, har a irin wannan tsayi abin da huhu ke samu a kowane numfashi bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da ya saba samu a bakin teku ba. Ko ruwa ma a digiri 90 yake tafasa a maimakon 100, shi ya sa wake ke daɗewa bai nuna ba. Jiki yana iya sabawa idan aka ba shi kwanaki, amma ciwon ba ya duba ƙarfi ko jarunta, kuma wanda ya ci gaba da hawa da shi yana iya samun ruwa a huhu ko kumburi a ƙwaƙwalwa. Maganinsa tabbatacce shi ne sauka.

Sanyin daren ya sa taɓa ruwan famfo kamar taɓa wuƙa. Mu masu lafiya muka roƙi mai dafa abinci ya ɗuma mana kaɗan muka yi alwala, domin wanda ya sami abin ɗuma ruwa ba shi da uzuri. Shi dattijo ya yi taimama a kan dutse, abin da mazhabarmu ta yarda da shi. A masallatan Maroko ma za ka ga an ajiye ƴan duwatsu masu sulɓi domin haka.

Da asuba ciwon bai sake shi ba. Muka ce mu koma tare. Ya ce, "Ku yara, kun naɗa ni shugaba ko ba ku naɗa ni ba? To, na yanke: ni zan sauka da mai alfadari, ku ku ƙarasa, ku zo ku ba ni labari." Dama kuɗinmu na hayar dabbar a nan ya ƙare. Ya ɗora wa mai wannan rubutu shugabancin, ya hau alfadari ya juya. Daga baya muka ji tun kafin ya kai Imlil kansa ya washe. Mun san mutane da yawa da girman kai zai hana su yin abin da ya yi.

Tizi Wanums

Tizi a harshen mutanen wurin shi ne mashigi tsakanin ƙololuwa biyu. Wanda ke gabanmu, Tizi Wanums, ya haura mita 3,600, wato ya fi Emi Kusi na Cadi, dutse mafi tsawo a Sahara, mai mita 3,415. Muka goya kayanmu muka tashi da fitilu a goshi. Mafi yawan waɗanda suka kwana a masaukin hagu suka yi zuwa ƙololuwar Tubkal, mu muka miƙe kudu, ba da jimawa ba muka zama mu kaɗai. Hawan bai fi mita 450 ba, amma ya ci mana awa biyu da wani abu. Ƙanenmu ya ƙago dabara: taku talatin da uku, kowane taku da tasbihi ɗaya, sannan a tsaya a yi numfashi. Da ita muka kai.

A kan mashigin iska ce ke kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Muka leƙa ɗaya gefen, sai ga shi can ƙasa, ɗan mitsitsi, kore shar a tsakanin jajayen duwatsu, kamar dutsen zobe da ya faɗa cikin toka. Ido ya ce awa ɗaya ta isa. Jagora ya yi dariya ya ce mu ajiye biyar.

Duk wanda ya ce sauka ta fi hawa sauƙi, bai sauka daga Tizi Wanums ba. Fiye da mita 1,300 ake gangarawa, rabin farko a kan tsakuwa da ɓaraguzan dutse masu zamewa, inda kowane taku sai ƙasa ta ɗan tafi da kai kafin ta tsaya. Hanyar ba ta fi faɗin tabarmar salla ba, tana lanƙwasa dama da hagu ba iyaka. Numfashi ya dawo, amma gwiwa ta karɓi wahalar. Wajen tsakiya tafin takalmin ɗan Agadas ya ɓalle, muka ɗaure shi da igiyar tanti. Ba a jima ba ƙanenmu ya zame ya bugi gwiwa, nan da nan ta kumbura. A wurin babu layin waya, babu gida, babu mai wucewa, komawa sama kuwa ta fi ƙarasawa wuya. Muka raba kayansa a tsakaninmu, jagora ya naɗe masa gwiwar da rawani ya ba shi sandarsa. Mun yi alkawari a gida ba za mu jefa rai cikin halaka ba, a wannan gangaren kuwa mun ga yadda tazarar da ke tsakanin yawon buɗe ido da halaka take da ƙanƙanta. Wanda zai bi wannan hanya bayanmu kada ya tafi da takalmin kasuwa, kada ya tafi ba jagora, kada kuma ya tafi da yaro ƙarami.

Ƙasa-ƙasa hanyar ta shiga wani matsattsen kwazazzabo da ƙorama ke bi. Muka so mu zauna mu jiƙa ƙafa, jagora ya dubi gajimaren da ya fara taruwa a kan Tubkal ya hana. Hadarin bazara a waɗannan duwatsu yana zubowa a sama, rana na haskawa a ƙasa, sai dai kawai ka ji ruri, ruwa ya iso da duwatsu a gabansa. Haka ta faru a Agusta 1995, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a kwarin Urika da Imlil. Ɗan Agadas bai buƙaci a yi masa bayani ba, ya san abin da ƙoramun Abzin suke yi wa wanda ya kwana a cikinsu. Sai da muka fita fili muka tsaya, muka haɗa azahar da la'asar raka'a bibbiyu. Alƙibla a wannan yanki gabas ce sak.

A bakin ruwa

Awa shida muka yi a maimakon biyar. Kwazazzabon ya buɗe ya zama wani faffaɗan fili na tsakuwa da ruwa ya shimfiɗa, a ƙarshensa tafkin. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Wanda ya san tafkin Cadi ko na Madarunfa zai ce wannan ai kududdufi ne, sai dai waɗancan a shimfiɗe suke, da ciyawa da shanu da masunta, wannan kuwa a tsaye yake cikin rami kamar ruwa a ƙasan tulu, duwatsu sun kewaye shi sun yi sama ɗaruruwan mitoci, babu itace ko ɗaya a bakinsa. Taku kaɗan daga gaɓa ƙasan ya ɓace. A jikin duwatsun akwai wani farin zane da ya zagaye shi, shaidar inda ruwa yake kaiwa idan ƙanƙara ta narke da yawa. Mun same shi ƙasa da zanen sosai, domin Maroko ta jera shekaru tana fama da fari.

Akwai ƴan bukkokin dutse a gefen filin, inda mutanen ƙauyukan ƙasa suke sayar da shayi da burodi a watannin zafi, su kulle su sauka idan sanyi ya shigo. Da mai bukkar ya miƙo ruwa ya ce aman, sai ɗan Agadas ya zabura, domin haka Buzaye suke kiran ruwa. Suka shiga gwada kalmomi: afus hannu ne a wurin duka biyun, godiya ma kusan lafazi ɗaya ce. Harshen mutanen nan, Tashalhit, da Tamajak na Abzinawa ƴan gida ɗaya ne, ko da yake ba su iya doguwar hira da juna ba. Har rubutun Tifinag, wanda muka saba gani a wurin Buzaye, mun gan shi a allunan makarantu da ofisoshi, tun da tsarin mulkin 2011 ya sanya harshen Amazig cikin harsunan hukuma. Mai bukkar ya ƙi karɓar kuɗin shayin farko.

Wata mas'ala ta taso mana da yamma, wadda ba ta taɓa taso mana a gida ba. Tun wajen ƙarfe 6 rana ta faɗa bayan dutse, inuwa ta rufe tafkin, sanyi ya sauko. Mutumin fili zai ce magariba ta yi. Amma da muka ɗaga kai, ƙololuwar gabas tana nan ja wur da hasken rana. Malamai sun yi bayanin cewa wanda ke cikin duwatsu ba ya lura da ɓoyuwar rana a bayan tudu, sai ya jira haske ya bar kawunan duwatsu, duhu ya taso daga gabas. Muka zauna muna kallon hasken yana hawa jikin dutsen a hankali har ya kuɓuce daga kansa. Agogo ya wuce 8 da rabi kafin mu yi kiran salla, ga shi kuwa a wannan wata agogonsu da namu ɗaya ne. Mai azumi a irin wannan wuri sai ya yi hattara.

Ruwan tafkin mai tsarki ne, mun yi alwala da shi muna cije baki, amma na sha sai da muka tafasa, saboda awaki da alfadarai suna sauka gare shi. A cikinsa akwai wani ɗan kifi na dangin da ake kira truite da Faransanci, wanda masana suka tabbatar a 2005 cewa iri ne na daban, kuma ba a san shi a wani ruwa a duniya ba sai wannan. Ubangijin da Ya ajiye halitta guda a cikin tulu guda a kan dutse, Ya ciyar da ita dubban shekaru ba da sanin kowa ba, Shi ne muke tsoron kada Ya manta da abincinmu na gobe. A kan wannan muka yi hira har barci ya ɗauke mu, taurari sun cika ɗan abin da duwatsu suka bar mana na sama.

Da gari ya waye muka ga abin da duhu ya rufe: robobin ruwa, gwangwanayen kifi, leda maƙale a tsakanin duwatsu, da ƙazantar mutane ba nisa da gaɓa. Ba za mu ɗora wa Turawa wannan ba, domin mafi yawan masu kwana a wurin Musulmi ne ƴan'uwanmu. Tun a littattafan farko na makarantar zaure aka koya mana cewa ba a biyan buƙata a mashayar jama'a, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin imani. Abin mamaki, kakannin mutanen wannan dutse sun san kiyaye wuri tun kafin a zo da dokar gandu. Suna da al'adar da suke kira agdal, inda jama'a ke haramta wa kansu wani wurin kiwo na wasu watanni har ciyawa ta zuba iri. Makiyayar Ukaimadan, a arewa maso gabashin Tubkal, ana rufe ta daga 15 ga Maris sai 10 ga Agusta ake buɗewa. Wannan ita ce himā da muka karanta a fiƙihu. Muka cika buhu ɗaya da abin da muka iya tsincewa muka ɗaura a bayan jaka.

Hanyar gefen tafki

Hanyar fita tana bin gefen arewa na tafkin, a kan gangare, ruwan yana can ƙasa da kai a hannun dama. Ba ta da tsawo, amma siririya ce, tana hawa tana sauka, a wasu wuraren idan tsakuwa ta kuɓuce daga ƙarƙashin ƙafarka sai ka bi ta da ido har ta faɗa ruwa. Da gwiwar ƙanenmu muka yi ta a hankali, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa. Daga nan sama launin ruwan yake sauyawa, kore a gefe, shuɗi mai duhu a tsakiya.

A ƙarshen gabas muka hau abin da ya haifi tafkin: wani tsibi na manyan duwatsu, kamar an rushe gari guda an tara, wanda ya toshe bakin kwarin tun zamanin da ba wanda ya sani. Muka duba ko'ina ba mu ga inda ruwa yake fita ba. Ƙorama tana shiga ta yamma, ta gabas babu ko ɗigo. Sai da muka gangara bayan tsibin, cikin zafin rana da ƙura, sannan muka ji ƙara, muka ga ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin duwatsu, garau, mai sanyi. Ashe ta cikin tsibin yake tsatsowa a hankali duk shekara. Daga wannan wuri ƙasa ta koma kore kamar an ja layi: gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kowace ba ta fi ɗaki biyu ba, da masara da sha'ir da dankali, da manyan itatuwan jauzi. Ƴan magudanan da suke kira targa suna bin gefen dutse suna kai ruwa gona-gona, kowane gida da lokacinsa, kamar yadda masu garka suke yi a Timiya. Wannan ruwa shi ne kogin Tifnut, wanda yake zama kogin Sus a can ƙasa, ya faɗa teku kusa da Agadir.

Bayan la'asar muka shiga Amsuzart. A nan ma akwai bangaye da girgizar ta tsaga. Muka sami ɗaki a gidan baƙi, aka kawo wa ƙanenmu man zaitun ya shafa wa gwiwa, waya ta kama, muka kira dattijonmu, muka kira gida. Da magariba muka je masallacin ƙauyen. Bayan salla liman da wasu dattawa da yara suka zauna da'ira suka buɗe hizbin ranar da murya ɗaya, kamar yadda ake yi a masallatan Maroko safe da yamma, da ruwayar Warshu da muka tashi da ita. A jikin bango an jingine alluna, da rubutu mai kama da na alarammominmu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ba mu jin Tashalhit, su ba su jin Hausa, amma da liman ya ga bakinmu yana tafiya tare da nasu sai ya matsa ya buɗe mana wuri a cikin da'irar.

Washegari muka shiga motar haya da ta zagaya da mu ta mashigin Tishka zuwa Marrakush. Dutsen da muka tsallaka da ƙafa sai da motar ta kusan cinye yini kafin ta kewaye shi. Buhun sharar yana kan cinyarmu har tasha, domin ba mu sami inda za mu zubar da shi a ƙauyen ba tare da ya koma cikin kogin ba.